Ɗanyen Tubalin Sarki Cindo

An ce, kuma wanda ya faɗa mini har ya dafa rawanin kakansa, a Birnin Maɗaci an taɓa yin wani damo mai magana. Wanda bai yarda ba ya nemi damon da ya fi kusa da shi ya tambaye shi. In ya yi masa shiru, to dalilin shirun ne zan ba ku yanzu.

Damon nan raminsa na gindin katangar fada, kuma tun zamanin mahaifin Sarki Cindo ake shawara da shi. Mahaifin yakan zauna ya saurara, ya ɗauki na ɗauka. Da sarauta ta faɗo kan Cindo, sai ya gaji damon cikin kayan gida, irin gadon tsohuwar randa: ba a fasa ta, ba a kuma shan ruwanta.

Cindo ba mugun sarki ba ne. Ciwonsa ɗaya, ba ya iya kwana da abin da ya ɓata masa rai. Ana nan sai wani magini mai suna Jibo ya sauka garin da sana'ar da ba a taɓa gani ba. Yakan kwaɓa ƙasa da wasu saiwoyi, ya cura tubali, ya miƙa wa mutum tun yana ɗanye. Mutum ya kai bakinsa dab da shi, ya raɗa masa abin da ke cin ransa, tun daga farko har ƙarshe. Kafin tubalin ya sha iska, abin ya bar kan mutum ya koma cikin laka. Sharaɗin guda ne: sai an kafa sabuwar katanga a kan tubalin, cikin gidan mai shi, in ba haka ba abin ya dawo.

Sarki ya samu abin da yake so. Galadima ya cinye shi a dara gaban mutane, aka yi katanga. Ƙayar kifi ta maƙale masa gaban baƙi, aka yi katanga. Ya yanke wani hukunci ya karkace, aka yi katanga mai kauri, don abin da ɗan nauyi. Sai dai laka ba ta iya zaɓe ba. Da cinyewar ta tafi, darar ma ta bi ta, har Sarki ya ga ramukan dara a ƙasa ya tambaya wace kaza ce ke tono a fadarsa. Da ƙayar ta tafi, kifin ma ya bi ta, har ya so a bincika masa abin da masunta ke nema a ruwa.

Gidan kuwa ya zama abin da ya zama. Lungu ya haifi lungu, zaure ya juya wa zaure baya. Tuwo yakan bar madafa yana tururi, ya iso gaban Sarki sai an ɗumama. Wani baƙo ya shiga gaisuwa da baƙin gemu, aka gan shi ya ɓullo ta ƙofar baya da furfura, yana tambaya ko an tashi daga fada. Maganin Jibo kai ɗaya yake kamawa, amma fadanci ya raba shi ga kowa. Duk abin da Sarki ya manta, fadawa sun riga shi mantawa. Masunta suka koma noma.

A can tsakiyar gidan, a ɗakin da aka haifi Sarki, yayarsa ke zaune, Magajiya Kyallu. Ita ta goya shi, don uwarsu ta rasu bai kai yaye ba. Wata safiya ta yafa mayafi ta fito, ta sha ɓata a lunguna har rana ta take, ta ɓullo tsakiyar fada da guminta, ta tsaya gaban ƙanenta ta ce, "Auta, gidan ubanmu ne ka mayar gidan gara? Tashi ka nuna mini hanyar komawa, in ka san ta."

Auta. A gaban Galadima, a gaban baƙi. Wani bafade ya yi tari don ya rufe dariya, tarin bai isa ba.

Washegari da hantsi aka ajiye ɗanyen tubali a kan faifai gaban Sarki. Jibo ya durƙusa ya ce ya duba gidan kaf, babu sauran wurin katanga sai lungu ɗaya, wanda ke zuwa ɗakin Magajiya. Aka aika mata ta tashi. Ta aiko cewa a ɗakin nan ta share masa majina, in ginin ne a gine da ita. Sarki ya ce to, ai in ya manta ba zai dame shi ba.

Damo na jin su daga raminsa, kuma ya san abin da zai biyo baya. Katanga za ta rufe lungun, Sarki ya manta, fadawa su manta, mai kai mata ruwa ma ya manta, don shi ma yana son aikinsa. Mutane na yi wa damo kirari da haƙuri, amma babu wanda ya taɓa tambayarsa ko yana so. Ya ja jiki ya fito, ya haye faifan, ya kwanta a kan tubalin kamar kaza a kan ƙwai.

"Baba Damo, sauka," in ji Sarki. "Laka ce."

"Na sani, ranka ya daɗe. Sanyinta nake so, kaina ya yi zafi. Ka ba ni aron kunne kafin ta bushe. Akwai wani falke da ya taɓa yin irin cinikin nan naka."

Sarki mutum ne mai son labari. Ya gyara zama. "Falke? Ban taɓa jin wannan ba."

Damo ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Sannan ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ga labarin Arzika falke da garin fito."

* * *

Arzika, in ji Damo, falken goro ne, ya tsufa a hanyar Gwanja shi da jakinsa Duna. Wata shekara ya ga ayari ya yi masa nawa, ya ce zai yanke ta cikin duwatsu. Ya yanke, sai ga shi a ƙofar wani gari da ba ya cikin garuruwan da ya sani. Garin aljanu ne. Babu gida ko ɗaya a cikinsa, lunguna ne zalla, kowane lungu da ƙofa, kowace ƙofa da mai karɓar fito.

Arzika ya kwance bakin huhu zai ba da goro. Mai ƙofa ya ɗaga hannu ya ce, "Mu nan ba ma cin goro, yana hana mu barci. Tunani muke karɓa. Ba ni abu ɗaya da kake tunawa, ka wuce."

"Kowane iri?"

"Kowane iri."

"Har maras daɗi?"

"Shi ya fi maiƙo."

Arzika ya ce a ransa yau ya faɗo garin wawaye. A ƙofar farko ya ba da ranar da 'yan fashi suka tuɓe shi a gindin wata kuka. A ta gaba ya ba da mashigin da ruwa ya ci masa jakuna. Ya ba da zangon da ya sha ruwan rijiyarsu ya kusa sheƙawa lahira ta ƙasa. Ya ba da garin da aka ɗaure shi a madadin wani mai irin hancinsa. Kowace ƙofa ya wuce sai ya ji kafaɗarsa ta ƙara sauƙi, har ya fara waƙa, shi da bai taɓa yi ba. Duna na biye da shi, kunnuwa a kwance.

Da haka suka isa ƙofar ƙarshe, babba, mai ƙofarta tsoho ne mai ido ɗaya a tsakiyar goshi. Ya ce, "Wannan ita ce ta fita. Duk inda ka faɗi hanyarsa, can za ta buɗe. Amma fito tukuna."

Arzika ya laluba kansa ya ji shi fes, kamar rumbu a ƙarshen bazara. Abu ɗaya maras daɗi ya rage, muryar matarsa Yalwa a ƙofar gida ranar da zai taso: "Ka tafi kuma, ka bar rufin ɗaki yana yoyo. In ka dawo ka tarar da mu muna iyo, kai ka sani." Ya yi dariya ya ce, "Af, wannan ai da shi ya kamata in fara."

Sai jaki ya ce, "Maigida, dakata."

* * *

"Jaki da magana?" in ji Sarki Cindo. "Baba Damo, nan kam ka ƙara gishiri."

Damo ya dubi ƙafafunsa, ya dubi jelarsa, ya dubi Sarki. "Ranka ya daɗe, da wa kake magana yanzu?"

Sarki ya ce ya ci gaba.

* * *

Duna ya ce, "Maigida, na tsufa ina ɗaukar kayanka ban ce uffan ba. Yau kai ma ka ɗauki nawa, ba shi da nauyi. Ga labarin Tabawa da tsintsiyar boka."

Tabawa, in ji jaki, matar wani manomi ce mai suna Nomau. Sun zauna lafiya har suka yi furfura tare. Wata damina ya fita gona da ƙafarsa, aka dawo da shi a kan ƙyaure. Ta yi takaba ta gama, amma ranar nan ta ƙi barin idonta. In ta duba ƙofa sai ta ga ana shigowa da ƙyauren. Da abin ya ishe ta, ta je wurin wani boka, ya ba ta tsintsiya ya ce, "Ki share tsakar gida kina ambaton abin da ba kya so, ki kwashe sharar ki kai juji."

Ta share ranar. Ta kwashe ta kai juji. Ta dawo gida da sauƙin zuciya, har tana gaisa da maƙwabta da fara'a. Da la'asar ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka yadda Nomau ke so, ta zuba a akushinsa ta rufe, ta zauna jira. Bai dawo ba. Washegari ma haka. Jira ya zama damuwa, damuwa ta zama zargi, zargi ya zama fushi. Ta ce, "Wato Nomau da furfurarsa cin rani ya tafi, ko sallama babu."

Maƙwabta suka ce, "Haba Tabawa, ai Allah ya yi masa rasuwa." Ta ce ta gane, sun haɗa baki suna rufa masa asiri. Ta ɗauki mayafi ta tafi gaban alƙali ta kai ƙarar mijinta.

Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, ni na yi masa salla."

Ta ce, "Allah ya gafarta malam, kai ma ya saye ka?"

Alƙali ya haɗa ta da mutane suka kai ta bakin kabari. Ta faɗi ta yi kuka sabo fil, irin na ranar farko, don a wurinta ranar farkon ce. Ta koma gida, abin ya fi ƙarfinta, ga tsintsiya a jingine. Ran kasuwa sai ga ta gaban alƙali da sabuwar ƙara. Haka aka yi ta yi, har ya kai in alƙali ya hango mayafinta sai ya ce a ce mata ya tafi ƙauye. Ta mutu tana fushi da mutumin da bai taɓa yi mata laifi ba, tuwonsa na rufe a akushi.

Duna ya kaɗa kunne ya ce, "Ka gani, maigida. Makoki ana tashi daga shi, jira ne ba a tashi. Ta share mai ƙarewa, ta zauna da maras ƙarewa. Faɗan Yalwa shi kaɗai ya rage maka da ke da ƙofar gida a jikinsa. Riƙe shi."

* * *

"Ya riƙe?" in ji Sarki, ya ɗan rusuno.

"Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin mutum ya ji maganar jaki?"

Damo ya gyara kwanciya a kan tubalin, ya ci gaba. Arzika ya ce wa Duna labarinsa ya yi daɗi, ya shafa masa wuya, ya juya ya miƙa faɗan Yalwa. Mai ƙofa ya karɓa ya lashe baki, ya ce, "To, ina za ka? Faɗi hanyar."

Arzika ya buɗe baki, ya bar shi a buɗe. Falke ba da itatuwa yake gane hanya ba, itatuwa duk kamarsu ɗaya. Da abin da ta yi masa yake gane ta. Kukar da aka tuɓe shi, nan ake karkata dama. Mashigin da ya ci jakuna, ta sama ake haye shi. Zangon muguwar rijiya, wucewa ake yi ba a sauka. Duk ya bayar, yana waƙa. Gidan kansa kuma, da sunan garin da launin ƙofar da fuskar 'ya'yansa, ashe a jikin muryar Yalwa suke rataye.

Aljanun ba mugaye ba ne. Da suka ga ya daɗe a tsaye sai suka ba shi aiki, suka sa shi gadin wata ƙofa. Yana nan har yau, ya yi ƙiba, fuskarsa fes, yana tambayar masu wucewa ina za su, yana mamakin yadda kowa ke da amsa.

Duna kuwa ba a karɓi fitonsa ba, don a dokarsu jaki kaya ne. Mai ƙofa ya ce masa ya faɗi hanya, ya fara lissafi: inda aka zane shi ta hagu, inda aka zane shi ta dama, inda aka ja kunnensa cikin taɓo. Ƙofa ta buɗe dab da gida. Yalwa ta ga jaki da goro babu miji, ta sayar da goron ta gyara rufin.

Damo ya ɗaga kai ya ce, "Jakin ya isa gida ne, ranka ya daɗe, don bai sayar da bulala ko ɗaya ba. Mai shi ya zubar da wuraren da ya ji ciwo, bai san su ne alamun hanyarsa ba."

Sarki ya sunkuyar da kai, ya ja numfashi. Damo ya ji wani abu mai kama da sa rai ya motsa a ƙirjinsa, ya danne shi, don ya san shi.

"Labari ne mai kyau," in ji Sarki. "Ya taɓa ni. Gaskiya har ya ɓata mini rai. Jibo, cura mini wani tubalin, ƙarami, na wannan labarin. In mun gama da shi sai mu koma kan na Yaya."

Nan haƙurin damo ya ƙare. Bai ɗaga murya ba, damo ba shi da muryar ɗagawa. Ya dai miƙe a kan ƙafafunsa huɗu, ya nuna da hanci.

"Ka ga katangar can mai tsaga? Arzika ne. Wadda ke bayanta, Tabawa ce. Wancan lungun da mai tuwo ke ɓata a cikinsa kullum, daga farkonsa har ƙarshensa ni ne. Rabin gidan nan da bakina aka gina shi. Na ba ka labarin nan da kuka, na ba ka shi da dariya. Na taɓa mayar da jakin raƙumi, ko tsawon wuya zai sa ka ji maganarsa. Kowane zuwa sai ka gyara zama ka ce mini ba ka taɓa jin wannan ba, waɗannan kuma," ya juya ga fadawa, "su gyaɗa kai su ce su ma haka."

Fadawa suka shiga nazarin tabarma. Galadima ya gano wani zare a hannun rigarsa da ke bukatar kulawa.

"To me kake so?" in ji Sarki, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ba na son komai. Na gaji." Damo ya sauka daga faifan, cikinsa duk laka. "Ga tubalinka. Sai dai Jibo ya ce daga farko ake faɗa har ƙarshe, in an yi tsallake aikin bai kama ba. Kai kuma na san ka da tsallake tun kana koyon alwala. Juya wa lakar baya, ka gwada a kunnena tukuna. Mene ne farkon abin da ka sani na Magajiya?"

Sarki ya ga wannan shawara ce ta aiki, ba wa'azi a cikinta. Ya juya wa tubalin baya, ya yi tunani.

"Bayanta," ya ce. "Ina goye, tana niƙa. Zaninta na ƙamshin hayaƙi da man shanu. Tana yi mini wata waƙa maras kan gado, ta ce ta Inna ce."

"Sai me?"

"Takan ce Inna tana da wushirya irin tawa. Tana tsoron kwaɗo, har ta taɓa hawa turmi saboda shi. In tana dariya sai ta dafa bango." Sarki ya yi murmushi. "Ta ce ranar da Inna za ta rasu, ana ta yi mata addu'a, ita kuwa cewa take a rufe wa Auta ƙafa, akwai sanyi."



"Ka taɓa ganin Innar?" in ji Damo.

"A'a."

"To a ina ka samo wushiryar, da turmin, da bangon?"

Sarki ya juya a hankali ya dubi maginin. "Jibo. In na ba laka Yaya, Inna fa?"

Jibo ya sosa ƙeya, ya sake sosawa. "Ranka ya daɗe, ita laka, wato, takan haɗa da na kusa."

"Me ya hana ka gaya mini tun farko?"

"Na gaya maka, ranka ya daɗe. Katangar da ka binne maganar tana nan bayan rumbu, gajeruwa."

Sarki ya miƙe. Ya sunkuya ya ɗauki tubalin da hannu biyu, ya rungume shi a kan rigarsa ta fada, ya ce, "Baba Damo, kai ni wurinta."

"Ni ta ƙarƙashi nake bi, ranka ya daɗe. Ba za ka shiga ba."

Dole Sarki ya shiga gaba, damo na jan ciki a bayansa, fadawa na biye. Suka karya kwana suka dawo inda suka taso. Suka sake, suka ɓullo madafa. Fadawa suka yi ta raguwa, wannan ya bi wani lungu da ya ce ya sani, wancan ya zauna ya ce zai tsare hanya. Suka ci karo da mai tuwo zaune a kan tire ya haƙura, suka gaisa. Rana ta karkata, hadari ya fara haɗuwa a gabas, Sarki ya tsaya a wata mararraba, katanga gaba, katanga baya, kowace da wani abu nasa a gindinta, babu wadda za ta ce masa dama ko hagu.

Sai suka ji murya daga nesa, ta ƙetaro bango.

"Ke, fita mini daga wake. Kaza ba kunya ba tsoron Allah. Kin ga na yi kama da wadda ta shanya don ke? Duk gidan nan babu mai hankali, daga mai rawani har mai fuka-fuki."

Sarki ya juya ya bi muryar. Inda ta yi ƙasa ya koma baya, inda ta yi ƙarfi ya ci gaba. Damo a ransa ya nemi gafarar kazar, ya roƙe ta kada ta fita daga waken.

Suka same ta zaune a ƙofar ɗaki, faifai a cinya. Ta ɗago ta dubi ƙanenta, rawani ya karkace, riga duk laka.

"Ka zo ginin?"

Sarki ya buɗe baki, ya tuna abin da ke ƙirjinsa dab da haɓarsa, ya rufe.

"Ikon Allah, yau ka iya shiru. Me ka rungumo kamar jariri? To, tunda ka zo da laka, ga gindin ɗakin uwarka can ruwan bara ya ci, na aika ya fi a ƙirga, 'yan aiken ba su dawo ba. Liƙe shi kafin wancan hadarin ya sauko."

Sarkin Birnin Maɗaci ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Ya murƙushe tubalin, ya shiga cusa lakar a ramin, yana shafewa da tafin hannu, leɓɓansa a ɗinke. Ita kuwa ta ja kujerarta kusa, ta fara daga farko. Ta faro tun daga ranar da ya cije ta a kafaɗa, ta bi ta kan akuyar da ya sake a gonar liman, ta iso kan dara da kifi da masuntan da aka mayar manoma. Ba ta yi tsallake ko ɗaya ba.

"Magajiya," in ji Damo, "ɗan ja da baya. Lakar nan tana ji."

"Ta ji mana. Wannan ta masu raɗa ce, ni da ƙarfi nake faɗar nawa. Kuma ban ba ta ba. Kayana ne, ina son abina."

Da ramin ya cika, Sarki ya tashi, ya matsa nesa da bangon, ya goge hannu a rigar da ta riga ta lalace.

"Baba Damo, na ji," ya ce. "Wannan karon zan kwana da shi. A sallami Jibo da alheri. Katangun kuma kada a rushe su, ba zan iya ɗaukar duka a rana ɗaya ba. A dai bar su ba yaɓe, damina ta riƙa dawo mini da su kaɗan-kaɗan." Ya juya. "Yaya, waƙar nan ta Inna, yaya ƙarshenta yake?"

"Ba ta da ƙarshe, Auta, niƙan ne ke ƙarewa. Zauna ka tsince mini wake."

Ya zauna.

Damina ta yi aikinta. Katanga ta zube, Sarki ya tuna dara, ya kira Galadima, Galadima ya sake cinye shi, ya kwana da abin, da safe aka ga bai mutu ba. Wata ta zube, masunta suka bar gona suka koma ruwa. Mai kaurin nan ta zube, ya aika aka nemo mutumin da ya yi wa karkataccen hukunci. Wata rana da la'asar, bayan ruwa mai ƙarfi, lungun da mai tuwo ke ɓata a cikinsa ya rufta gaba ɗaya, duk labaran damo suka faɗo kan Sarki lokaci guda, har da mai raƙumin. Ya taka cikin taɓo ya je bakin ramin, ya tsuguna ya ce, "Baba Damo, ashe haka ka sha?"

Damo ya leƙo, ya dube shi, ya lumshe ido, ya koma ciki. Maganar da aka ba jinsinsa su yi har tashin duniya, shi kaɗai ya ƙarar da ita a kan sarki guda. Nan na tsaya, in kun manta kada ku zo mini, ni ba damo ba ne.